Me ya faru a Aberfan, kuma me ya sa har yau ƙauyukan Wales ba su daina maganar kwal ba?

Tambayar da ƙaninmu da ke karatu a Cardiff, babban birnin Wales a Birtaniya, ya turo ita ce: ya hau jirgin ƙasa zai je Merthyr Tydfil, yana ta ganin ƙauyuka jere a cikin kwari, wasu da tsohon tarago ko ƙaton wili na ƙarfe a bakin gari an yi masa fenti an ajiye, kowa ka taɓa maganarsa kwal, amma shi bai ga mahaƙa ko ɗaya tana aiki ba. Da suka kusa tashar Merthyr Vale sai ya hango wasu fararen duwatsu jere reras a maƙabarta a jikin tsauni, ya tambayi wata tsohuwa da ke kusa da shi, ta ce masa Aberfan ke nan, daga nan ta yi shiru. Yana son ya san labarin.

To ƙanena sannu da karatu, Allah ya ba da sa'a. Faɗuwa ta zo daidai da zama, domin ni aikina ke nan, injiniyan ƙasa ne ni, abin da ya shafi madatsar ruwa da cikon hanya da tulin ƙasa, wato yaushe ƙasa take tsayawa kuma yaushe take zaftarewa. A fanninmu da wuya ka gama karatu ba a kawo maka zancen Aberfan ba, kuma ni na taka ƙafata na je garin, na hau har maƙabartar da ka hango. Zan ba ka amsar da ɗan tsawo, ka yi haƙuri, abin ba ya gajartuwa.

Da farko dai ka sani kwal ne ya haifi garin. Kafin 1869 wurin ba komai ba ne sai 'yan gidaje da gonaki da tumaki a gefen kogin Taff, kamar kilomita 6 kudu da Merthyr Tydfil. A shekarar ne wani attajiri John Nixon ya fara haƙa ramin da ya zama mahaƙar Merthyr Vale, kwal bai fara fitowa ba sai 1875, ka ga shekara shida ana zuba kuɗi a rami kafin a ga ko kwabo. Kwal ɗin kudancin Wales irin wanda jiragen ruwa ke so ne, ga zafi ga ƙarancin hayaƙi, har sojan ruwan Birtaniya da shi suke tafiya, shi ya sa mutane suka yi ta kwarara cikin waɗannan kwaruruwa daga karkarar Wales da Ingila da Ailan. A 1913 yankin ya fitar da kusan tan miliyan 57 a shekara guda, mutum sama da 230,000 na aiki a ramuka, kuma a wannan shekarar ce dai, ranar 14 ga Oktoba, iskar gas ta fashe a ramin Senghenydd da ke wani kwari kusa da nan ta kashe mahaƙa 439. Wannan ita ce rayuwar da suka gada, abinci da ajali duk daga rami ɗaya.

Waɗancan gidajen dutse da ka gani manne da juna kamar layin shagunan kasuwa, na mahaƙa ne. Kuma duk abin da ke riƙe gari daga albashin rami ya fito, a ƙauyuka da yawa mahaƙa da kansu suka yarda a riƙa cire musu 'yan kwabbai duk mako har suka gina zauren taro da ɗakin karatu, ga coci-coci, ga ƙungiyoyin mawaƙa maza, ga ƙungiyar ƙwadago. Mutumin da kakansa da ubansa da kawunsa duk suka shiga keji ɗaya aka zura su ƙarƙashin ƙasa, in ka ce masa ya daina maganar kwal kamar ka ce wa ɗan maƙera ya manta da zuga-zugi ne. Wilin da ka gani a bakin gari shi ne wanda yake saman rami yana jan igiyar kejin nan.

Yanzu ga inda nake son ka nutsu. Ba a fito da kwal shi kaɗai. Duk taragon kwal da ya hau sama akwai tarkacen dutse da laka da ya biyo shi, wanda ba mai saye, dole a nemi inda za a jibge. Kwarin Taff kuwa ka gani da idonka, matsattse ne, kogi da dogo da hanya da gidaje sun cinye filin, don haka tun wajen 1916 aka fara hawa da tarkacen nan kan tsaunin da ke saman garin, ana jan ƙananan taragu a kan dogo har sama a juye. Juji bayan juji har bakwai. Na bakwai ɗin an fara shi a 1958, ya zuwa 1966 tsayinsa ya kai mita 34, ka ƙiyasta bene mai hawa goma ko sha ɗaya, ga shi a tsaye a jikin gangara, a ƙasansa kuma makarantar firamare ta Pantglas da layin gidaje na Moy Road. A lokacin mahaƙar ba ta 'yan kasuwa ba ce, tun 1947 gwamnati ta karɓe duk manyan mahaƙun kwal ta damƙa su ga Hukumar Kwal ta Ƙasa, wadda suke kira NCB.

Dutsen da ke wannan tsauni irin mai tsage-tsage ne da ke shan ruwan sama ya riƙe, sai ruwan ya riƙa ɓullowa a jikin gangara, idon ruwa nan da can. Idanun ruwan nan suna cikin taswirar gwamnati tun ƙarni na 19, yaran garin ma sun san su don a nan suke wasa. A kan irin wannan wuri aka jibge juji na bakwai. In kana son ka gane abin da ruwa ke yi wa tuli, tuna da katangar ƙasa a tsakiyar damina. Ruwan da ke dukan ta daga sama ɗan zaizaye ta yake yi, wanda ke kayar da ita shi ne wanda ya kwanta a gindinta kwana da kwanaki, gindin ya jiƙe ya yi laushi, nauyin sama yana nan bai ragu ba, sai dare ɗaya ka ji rim. Tulin tarkace yana tsayawa ne saboda ƙwayoyinsa suna cije da juna, to in ruwa ya cika 'yan ramukan da ke tsakaninsu kuma ya rasa mafita, sai ruwan ya fara ɗaukar nauyin da ƙwayoyin ke ɗauka, cizon ya saki, abin da jiya kake takawa da takalmi yau ya koma kamar kunu. Ƙari a kan haka, a juji na bakwai an riƙa zuba wani lallausan gari da ke fitowa daga wankin kwal, shi kuma in ya jiƙe ba ya sakin ruwa.

Kuma fa tsaunin ya yi gargaɗi ba sau ɗaya ba. A 1939 wani juji ya zaftare a Cilfynydd, 'yan kilomitoci ƙasa da Aberfan a kwari ɗaya, ya toshe babbar hanya, har aka rubuta takardar jan hankali a kan yadda jujin kwal ke zamewa, takardar ta shige durowa. A Nuwamban 1944 juji na huɗu a Aberfan kanta ya zame ya gangaro mita ɗaruruwa ya tsaya kafin ya iso gari. A 1963 na bakwai ɗin da kansa ya motsa. A shekarar ce kuma injiniyan ƙaramar hukumar Merthyr ya yi ta rubuta wa hukumar kwal wasiƙu, kan wasiƙar ma ƙarara yake cewa haɗarin taɓon kwal da ake zubawa a bayan makarantun Pantglas. Mutanen unguwar sun shekara da shekaru suna kukan baƙin ruwa da ke malalo musu cikin gidaje. Aka ci gaba da juye taragu.

Makonni ukun farko na Oktoban 1966 an sha ruwa sosai, kimanin milimita 170. Ranar Juma'a 21 ga wata, ranar da za a ba yara hutun tsakiyar zango da tsakar rana, ma'aikatan juji suka hau da misalin bakwai da rabi na safe suka tarar kan tulin ya lotsa kamar mita 3, dogon taragu ya rufta. Babu tarho a sama domin an cire shi saboda ana yawan sace wayar, sai da mutum ya sauka da ƙafa ya kai rahoto. Su a sama suna cikin haske, garin a ƙasa hazo ya rufe shi ruf, ba mai ganin tsauni. Da misalin tara da kwata gindin tulin ya kumbura ya ɓalle. Abin da ya gangaro ya kai kubik mita 110,000, in ka ɗauka tifa ɗaya tana ɗaukar kubik mita 10 to tifa 11,000 ke nan a lokaci guda, ya share gidajen gona biyu da mutanen ciki, ya tsallake tsohuwar hanyar ruwa da tudun tsohon dogo, ya fasa manyan bututun ruwa biyu wanda ya ƙara tsinka taɓon, sannan ya afka wa makarantar da gidaje 18. Waɗanda suka tsira sun ce ƙarar kamar ta jirgin sama ce da ya yi ƙasa-ƙasa, bayanta kuma tsit.

Mutum 144 suka rasu, 116 yara ne, yawancinsu 'yan shekara 7 zuwa 10, manya 28. A cikin makarantar kaɗai yara 109 da malamai 5. Yaran sun shiga aji ke nan ana kiran suna. Mahaƙan da ke ƙarƙashin ƙasa aka fito da su, suka rugo da baƙin kwal a fuska suna tono, da yawansu 'ya'yansu suke nema, mata na tono da hannu, lokaci-lokaci a busa usur kowa ya tsaya cak a kasa kunne ko za a ji kukan yaro. Bayan ƙarfe 11 na safiyar nan ba a sake fito da mai rai ba. An samu mataimakin hedimasta rungume da yara biyar, duk sun rasu. Wata mai karɓar kuɗin abincin yara ta kife a kan yara biyar, ita ta rasu su duka suka rayu. Cocin Bethania aka mayar wurin ajiye gawa, iyaye suka yi layi a waje ana shiga da su ana ɗaga bargo. Ranar 27 ga Oktoba aka binne yara 81 da mace ɗaya a lokaci guda a maƙabartar Bryntaf. Fararen duwatsun da ka hango masu lanƙwasa kamar bakan gizo, kaburburansu ne.

Na san wani zai ce ƙaddara ce, kuma haka ne, ba mai wuce kwanansa. Amma mu aka ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma a nan an ga igiyar an ga raƙumin aka ƙi ɗaurewa. Shugaban hukumar kwal, Lord Robens, da labari ya same shi bai fasa zuwa bikin naɗa shi uban Jami'ar Surrey ba, sai yammacin washegari ya iso, kuma ya gaya wa 'yan jarida wai ba yadda za a yi a san akwai idon ruwa a ƙarƙashin tulin. Kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Edmund Davies ya zauna kwana 76 ya saurari shaidu 136, rahoton ya fito ranar 3 ga Agustan 1967, ya ce laifin na hukumar kwal ne, za a iya kauce wa abin kuma ya kamata a ce an kauce masa, har ya ambaci sunayen ma'aikata tara. Abin da ya fi tsaya min a rai a matsayina na mai wannan sana'a shi ne, binciken ya gano hukumar ba ta da wata ƙa'ida ko ɗaya a kan inda za a zuba juji da yadda za a kula da shi. Dokokin tsaro duk sun tattara ne a kan cikin rami, gas da rufin rami da igiyar keji, juji kuwa an bar shi a hannun injiniyoyin inji, mutanen da suka san taragu da injin ɗaga kaya amma ba wanda ya taɓa koya musu halin ƙasa da ruwa. Kowa yana ganin tulin kullum, ba wanda aka ce aikinsa ne ya duba shi.

Akwai kuma tsoro, kuma wannan sai wanda ya zauna a garin da sana'a ɗaya ke ciyar da kowa zai gane shi. A shekarun 1960 ana ta rufe ramuka a kudancin Wales, mahaƙar Merthyr Vale na ɗauke da mutum wajen 800, kowa ya san in aka matsa a kan juji za a iya cewa to ba wurin zuba tarkace, a rufe ramin. Ɗan majalisar yankin da bakinsa ya faɗa wa kwamitin cewa ya yi fargabar tulin, amma ya ji tsoron in ya ɗaga murya aikin mutane zai tafi.

Bayan duk wannan ba wanda aka gurfanar, ba wanda aka kora, ba wanda aka rage wa muƙami. Robens ya miƙa takardar murabus gwamnati ta ƙi karɓa. Diyyar da hukumar ta biya fam 500 ce a kan kowane yaro. A zaman tantance musabbabin mutuwa da aka karanta sunan ɗan wani mutum aka ce shaƙewa da raunuka ne suka kashe shi, uban ya miƙe ya ce a'a, a rubuta hukumar kwal ce ta binne shi da rai. Jama'a daga ko'ina a duniya sun aiko da gudummawa kusan 88,000, kuɗin ya kai fam miliyan 1.75, amma ko shi sai da aka wahalar da su, har hukumar da ke sa ido kan gidauniyoyi ta kawo shawarar a fara bincika ko iyaye sun shaƙu da 'ya'yansu kafin a ba su wani abu. Sannan sauran jujin suna nan a saman garin, iyayen da suka binne yara kullum in sun buɗe ƙofa su suke gani, hukuma ta ce ba haɗari ba za ta kwashe ba, sai da mutanen garin suka ɗebo taɓon a buhuna suka kai ofishin gwamnatin Wales a Cardiff suka zube a 1968. Aka yarda za a kwashe, amma aka ciri fam 150,000 daga kuɗin gudummawar iyayen nan da suka rasa 'ya'yansu aka zuba a aikin. Wannan kam har yau in na tuna raina ɓaci yake. Sai 1997 aka mayar da kuɗin, yadda aka ɗauke su ba ƙarin ko sisi duk da shekara kusan talatin ta cinye darajarsu, a 2007 gwamnatin Wales ta ƙara fam miliyan 2.

Abin da ya canza a aikinmu shi ne dokar 1969 a kan jujin mahaƙai da wuraren fasa dutse, wadda ta wajabta a binciki wuri kafin a zuba, a yi wa ruwa hanya, a sa ƙwararre ya riƙa dubawa yana rubuta rahoto. Ni duk tulin da aka kira ni in duba, kafin in kalli tsayinsa gindinsa nake zagayawa, ina neman inda ƙasa ke da danshi a lokacin da bai kamata ba, inda ciyawa ta fi kore, inda gindin ya kumburo, sannan in nemi dattijon wurin in tambaye shi da can ina ruwa yake bi. Kuma ba zan iya maganar nan ban tuna Zamfara ba, 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum. Hanyar mutuwar daban ce, amma can ma yaran da ba su taɓa shiga rami ba su abin da aka fito da shi daga rami ya ɗauka.

Dalilin da ya sa ba ka ga mahaƙa tana aiki ba kuwa, an rufe su ne. Bayan babban yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985 ramuka suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ta Merthyr Vale ta rufe a 1989, mahaƙar Tower da ma'aikatanta suka saya da kuɗinsu suka ci gaba da riƙewa ita ma ta tsaya a 2008. Aikin ya tafi, ciwon ƙirji na ƙurar kwal ya zauna da tsofaffi, matasa suka koma bin jirgin da ka hau suna zuwa Cardiff neman abin yi. Jujin ma ba su tafi ba, ciyawa ce kawai ta rufe su, da yawa daga koren tuddan da ka gani ta taga ba Allah ne ya ajiye su a haka ba, tarkace ne. Akwai sama da 2,500 a Wales, kuma a Fabrairun 2020 da aka yi ruwa mai ƙarfi ɗaya ya zaftare a Tylorstown, tan wajen 60,000 ya gangara cikin kogi, Allah ya kiyaye ba gidaje a gabansa.

In kana son ka ga yadda cikin rami yake, ka je Big Pit a Blaenavon, tsohuwar mahaƙa ce da aka mayar gidan tarihi, za su ba ka hular kwano mai fitila su karɓe wayarka da duk wani abu mai batir, su zura ka mita 90 ƙasa, a wani wurin mai yi muku jagora zai ce kowa ya kashe fitila don ku ga irin duhun da ƙananan yara masu tsaron ƙofar iska suke zama a ciki a zamanin da. Aberfan kuwa in za ka je, ka sauka a Merthyr Vale ka haye kogi ka hau da ƙafa. Inda makarantar take yanzu lambu ne, an bar shatin azuzuwan da gajerun katangu, kana tafiya kana sanin yanzu ka fita daga wannan aji ka shiga wancan, kuma za ka yi mamakin ƙanƙantarsu. Daga nan ka hau maƙabarta, hawan da ɗan wuya. Don Allah ƙanena kar ka ɗaga waya kana ɗaukar kanka hoto, kuma kar ka tare tsoho a hanya da tambayar ina yake ranar, domin waɗanda aka tono daga taɓon nan da ransu suna nan a garin sun haura sittin, wasunsu har yau ba sa iya maganar. Ranar da na je ana yayyafi, na tarar da wata dattijuwa durƙushe da ɗan bokiti da tsumma tana goge dutse ɗaya, ta gama ta matsa ta goge na kusa da shi, da na duba sai na ga sunan gida ɗaya ne a kan duka biyun.